Kafin ka fara maganin da ke rage garkuwar jiki: yadda ake kawar da tsutsar ciki, mataki-mataki

Aikina jinya ne a nan Maraɗi, kuma tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini. Wani ya tare ni a bakin masallaci, wata ta aiko ɗanta da kwalin magani a leda: "Majo, an ɗora Inna a kan Solupred saboda ciwon gaɓoɓi, an ce wai sai an kashe tsutsar ciki tukuna. Ta sha Zentel guda, ya isa ko?" Bai isa ba. Ƙwayar Zentel ɗaya tana maganin macijin ciki, amma akwai wata tsutsa, angiyul, da ba ta ko ji a jikinta, kuma ita ce mai kisa idan garkuwar jiki ta yi ƙasa. Ga yadda ake bin abin daki-daki. Adadin maganin da zan ambata na saka shi ne don ka gane abin da aka rubuta maka, ka kuma iya yin tambaya. Likitanka ne mai yanke hukunci.

1. Duba ko maganinka na cikin masu rage garkuwa

Tattaro duk abin da kake sha, na asibiti da na kasuwa, ka zube su a tabarma. Na gaba-gaba su ne dangin kortikoyid: firednizolon, firednizon, deksametazon da betametazon. A kwali za ka ga Solupred, Cortancyl ko Célestène. Ana ba da su ga masu asma, masu ciwon gaɓoɓi, yara masu ciwon ƙodar nan da ke kumbura fuska da ƙafa, da masu kuturta idan jijiyoyi suka tashi, kamar yadda waɗanda ke zuwa asibitin Danja suka sani. Allurar Kenacort ko Diprostène da ake yi wa mai ciwon gwiwa ita ma kortikoyid ce, kuma tana makonni tana aiki a jiki bayan an manta da ita. Sai metotireksat, azatiyofirin, magungunan ciwon daji, da waɗanda ake ba wanda aka yi wa dashen ƙoda.

Akwai kuma wanda mutane ba sa lissafawa a magani: ƙwayoyin ƙiba da ake saye a faranti, waɗanda wasu ke kira "sha ka fashe". Da yawansu deksametazon ne. 'Yar'uwa, in kina sha, ki faɗa. Ba wanda zai ci miki fuska, kuma jikinki na cikin haɗari ɗaya da na mai asma.

Gargaɗi: wanda ya wuce mako 3 yana shan kortikoyid kada ya tsayar da shi rana ɗaya don ya karanta wannan. Jiki ya riga ya rage yin nasa, tsayarwa farat ɗaya na iya faɗar da jini har a rasa rai. Ragewa ake yi sannu a hankali, da hannun likita.

2. Faɗa wa likita inda ƙafarka ta taka

Tsutsar da nake nufi, a takardar labo ana rubuta ta anguillule ko Strongyloides, mu dai angiyul muke cewa. Ba a ganinta da ido. Ta fata take shiga, galibi ta tafin ƙafa, a ƙasa mai danshi da bayan gidan mutum ya taɓa. Sauran tsutsotsi sai ƙwansu ya fita waje kafin su yaɗu, ita kuwa a cikin hanji take haihuwa, 'ya'yan su huda hanjin su sake zagayowa. Shi ya sa mutum ke iya ɗaukarta yana yaro mai kiwo a bakin Gulbi, ya yi shekara 30 da ita yana zaune a ofis bai sani ba. Garkuwar jiki ce ke danne ta. Ranar da kortikoyid ya ɗaga wannan dannewar, sai ta hayayyafa dubbai, ta bi huhu da jini, ta kwashi ƙwayoyin cutar hanji ta kai su har ƙwaƙwalwa. Ba sai an daɗe ana sha ba, an ga haka bayan 'yan kwanaki kawai. A shekarar 2020, lokacin da aka fara ba masu korona deksametazon, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ja kunnen likitoci a kan wannan.

Don haka kada ka jira a tambaye ka. Ka ce ka yi aikin lambu a Jiratawa ko Sumarana, ka yi su a tafkin Madarumfa, ka yi noman fadama ba takalmi, ko da shekarun baya ne. Ka faɗi in kana yawan jin zafi a saman ciki kamar gyambon ciki, ko zawo mai zuwa yana tafiya. Ka faɗi in wani jan layi mai ƙaiƙayi yana fito maka a ɗuwawu ko cinya, yana matsawa daga wuri zuwa wuri cikin awoyi sannan ya ɓace. Wannan layin kusan sa hannun angiyul ne.

Abu biyu kuma dole su fito daga bakinka. Na farko, juna biyu ko zatonsa. Na biyu, in ka taɓa zama a ƙasashen kurmi, kudancin Najeriya, Kamaru, Gabon ko Kongo. Fatakenmu da 'yan ci-rani sun san hanyoyin nan. A can akwai wata tsutsar jini da ke ratsa farin ido, kuma wanda ke da ita da yawa, maganin angiyul na iya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Irin wannan mutum sai an auna jininsa da rana tsaka kafin a ba shi.

3. Awon bayan gida: a nan aka fi yin kuskure

Likita zai rubuta maka KOP, wato awon neman tsutsa da ƙwanta a bayan gida. Roƙe shi ya ƙara da neman angiyul ta hanyar Baermann, in kuma kana zawo kamar ruwa ya ƙara da Ziehl modifié, awon da ke gano kiriftosiforidiyom mai kawo irin wannan zawo. In ba a rubuta ba, labo ba zai yi ba, domin KOP na yau da kullum ɗan abin da bai kai ƙwayar gero ba ake shafawa a gilashi a duba. Hanyar Baermann ba ta bukatar wata na'ura mai tsada: mazurari ne da ƙyalle da ruwa mai ɗumi, a ɗora bayan gidan a kai, 'ya'yan tsutsar su biyo ɗumi su gangaro ƙasa, a tara su. Kafin ka biya a kes, tambaya ko suna yin ta. In ba sa yi, tambayi inda ake yi, a babban asibitin jiha ko asibitin Référence.

Karɓi 'yar robar awo daga labo. Ban da kwalin ashana, ban da gwangwanin tumatir, ban da ƙulli a leda. Na ga duka ukun, kuma duk wanda ya kawo haka sai ya koma ya sake, ga kuɗin kabu-kabu ya tafi a banza.

Yi fitsari tukuna, daban. Sannan ka yi bayan gidan a fo mai tsabta busasshe, ko a kan leda sabuwa. Kada ya taɓa ƙasa, domin ƙasa na da nata ƙananan tsutsotsi masu kama da angiyul da za su ruɗa mai dubawa. Kada ruwan buta ya shiga. Ɗebo da ɗan tsinken da ke jikin murfin, kamar girman goro, in na Baermann ne ka ninka. In akwai wurin da ke da jini ko majina, daga nan za ka ɗiba. Rufe, rubuta suna da ƙarfe nawa ne, wanke hannu da sabulu.

Lokaci shi ne komai. Mai ruwa-ruwa ya isa gaban mai dubawa cikin minti 30, domin amiba, ƙwayar cutar atuni, mai motsi tana mutuwa da ta huce, daga nan ba a gane ta. Wanda ke zaune a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo zai iya kaiwa a kan lokaci. Wanda zai taso daga Tibiri ko Gidan Rumji, gara ya zo da safe ya yi a ban-ɗakin asibitin. Kada ka sa a firiji, sanyi na kashe 'ya'yan angiyul. Kada ka cusa a ƙarƙashin kujerar babur a zafin Maraɗi.

Sau 3 ake yi, a ranaku daban-daban, ana tsallake kwana ɗaya ko biyu a tsakani, saboda tsutsar ba kullum take fitowa ba. Ka shirya kuɗin awo uku da na zuwa uku tun farko. Na sha ganin wanda ya yi na farko, aka ce babu komai, ya ce to me zai sa ya ƙara kashe jika. Awo ɗaya tak yana iya kuskure mutum 7 cikin 10 masu angiyul.

Gargaɗi: kada ka sha maganin tsutsa, Flagyl, maganin wankin ciki, farar ƙasa ko jiƙon gargajiya a kwanakin awon. Suna ɓoye abin da ake nema ba tare da sun kashe shi ba. In ka riga ka sha, faɗa wa mai labo.

4. Karanta sakamako tare da awon jini

Tare da KOP a yi NFS, wato awon ƙirga ƙwayoyin jini, kuma a yi shi kafin ƙwayar kortikoyid ta farko. Layin da ake dubawa shi ne na ewozinofil, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini. In ya haura 500, alama ce mai ƙarfi ta tsutsa ko da bayan gida bai nuna komai ba. In kuwa ka riga ka fara kortikoyid, layin nan zai sauka da kansa, don haka ganinsa daidai ba ya wanke ka.

Ba duk abin da aka rubuta a takarda ne cuta ba. Entamoeba coli, alal misali, zaman lafiya take yi a hanji, ba a yi mata magani. Kada ka ɗauki takarda ka wuce farmasi kai tsaye, koma wa wanda ya aike ka.

5. Shan ibamektin

Maganin angiyul shi ne ibamektin. Da yawanmu mun san shi ba mu san sunansa ba: ƙananan fararen ƙwayoyin nan da aka riƙa rabawa gida-gida lokacin yaƙi da tundurmi, ana auna tsawon mutum da sanda. A ganina, duk wanda ya tashi a karkararmu kuma za a ɗora shi a kan kortikoyid na makonni, ya cancanci a ba shi ko awo ya nuna ko bai nuna ba, muddin babu abin da ya hana. Haka likitoci da dama ke yi, domin awon na kuskure, maganin kuma mai sauƙi ne. In ciwonka na gaggawa ne, ba a jinkirta kortikoyid don jiran awo uku. A fara su rana ɗaya.

Hau sikeli, kada ka kintata. Ana lissafin mikirogiram 200 ga kowane kilo. Da ƙwaya mai miligiram 3, abin yana zuwa haka: kilo 15 zuwa 24 ƙwaya 1, kilo 25 zuwa 35 ƙwaya 2, kilo 36 zuwa 50 ƙwaya 3, kilo 51 zuwa 65 ƙwaya 4, kilo 66 zuwa 79 ƙwaya 5, daga kilo 80 ƙwaya 6. Duba ƙarfin da aka buga a kwali da idonka, domin akwai masu miligiram 6 da masu 12, kuma wanda ya sha 4 na mai 12 ya ninka sau huɗu. Ana haɗiye su lokaci ɗaya da ruwa, ciki ba abinci, awa 2 kafin ci da awa 2 bayansa. Mafi sauƙi shi ne bayan sallar asuba, a jinkirta koko zuwa hantsi. Ana sha kwana 1 ko 2 a jere, kuma ga mai raunin garkuwa likita kan ce a maimaita bayan mako 2, don a kama 'ya'yan da ke kan hanya lokacin shan farko.

Maganar kuɗi: mai kilo 60 da aka rubuta wa kwana 2 yana bukatar ƙwaya 8, da maimaitawa 16. Kwalin Stromectol ƙwaya 4 ne, kuma ya fi wanda ba shi da sunan kamfani tsada nesa ba kusa ba, alhali aikinsu ɗaya. Tambayi mai farmasi jenerik. Ba kowace farmasi ke ajiye shi ba, don haka ka fara nema tun ranar da aka ce za a ɗora ka a kan magani, in ta kama a yo odarsa daga Yamai.

Gargaɗi: ban da mai juna biyu, ban da yaron da bai kai kilo 15 ba, sai da shawarar likita. Kuma don Allah ban da Ivomec na dabbobi. Na san yana nan a kowace kasuwar bisashe, na san da shi ake yi wa jar akuya allura, sunan ma kusan ɗaya ne. An haɗa shi ne don jikin dabba, ƙarfinsa da abin da aka narka shi a ciki ba na mutum ba ne.

In ibamektin ya gagara samu ko an hana ka shi, madadinsa albendazol ne, wato Zentel ɗin nan, amma miligiram 400 safe da yamma har kwana 7, kuma duk da haka bai kai ibamektin kisa ba. Ba a ba mai ciki a wata ukun farko. Kowanne ka sha, a sake awon bayan gida bayan mako 2 zuwa 4.

6. In awo ya nuna wani abu daban

Amiba mai kawo atuni tana yin muni ƙwarai a kan kortikoyid, har ta huda hanji. Duk mai kashin jini a nemi amiba kafin a ba shi ƙwaya ɗaya. Maganinta metironidazol ne, Flagyl, kwana 7 zuwa 10, sannan a bi da wani na biyu mai share ƙwayayen da suka saura a hanji. Mutane kan tsaya a kwana na 3 da jini ya ɗauke, ga ɗacin ƙarfe da yake bari a baki. Ka daure ka ƙarasa. Jiyardiya, mai kumburin ciki da gyatsa mai wari, ita ma Flagyl ne ko tinidazol.

Kiriftosiforidiyom ta fi wuya. Zawo ne kamar an buɗe famfo, ga mai ƙarfin garkuwa yana tsayawa da kansa, ga mai rauni yana iya wata da watanni, kuma babu maganin da ke kashe ta kai tsaye a irin wannan jiki. Abin da ke taimako shi ne ruwa, da likita ya rage maganin garkuwar in zai yiwu. Tana da dangi biyu masu kawo irin wannan zawo, Cyclospora da Isospora, su kuwa suna jin Bactrim.

Gargaɗi mai nauyi: Bactrim da metotireksat ba sa haɗuwa. Tare suna iya tsayar da ɓargo daga yin jini. A garin nan Bactrim ne abin da ake fara miƙa wa mai zawo, don haka mai shan metotireksat ya faɗa da bakinsa duk inda ya je. In zawo ko amai ya kama ka, kira likitanka kafin shan metotireksat na wannan makon. Imodium, maganin tsayar da zawo, kuma ban da shi in akwai jini ko zazzaɓi.

7. Kada ka sake ɗauka

Takalmi, ko a tsakar gida, musamman da damina da wajen masai. Mai lambu ya nemi takalmin roba mai tsawo. Ruwan sha a tafasa shi ya yi minti 1 yana ɓulɓula. Jabel da Aquatabs suna kashe abubuwa da yawa, amma kiriftosiforidiyom ba ta jin su, ruwan leda kuma ba ka san inda aka ɗura shi ba. A ware maka tulunka mai murfi da moɗarka. Salati da ɗanyen kabeji a haƙura da su har a gama magani, ganye a dafa, mangwaro da goba a wanke a fere. Furar da za ka sha a dama ta da ruwanka. 'Yan maruƙa da 'yan awaki masu zawo, wani ya share musu. Bayan tsarki, sabulu, kowane lokaci.

8. Alamun da ba a kwana da su a gida

Wani dattijo mai lambu a bakin Gulbi, duk hunturu in asma ta taso masa sai ya sayi Célestène a faranti. An kawo shi da tari, amai, ciki a kumbure, jiki zafi rau. An riga an yi masa maganin masassarar cizon sauro sau biyu a wani wuri, ana ta zaton tarin tibi ne. Abokin aikina na labo ya ɗiga kakinsa ɗanye a gilashi, ya leƙa madubi, ya ɗago ya kira ni da hannu bai ce komai ba. Na sa ido. Ga su nan sirara kamar zaren auduga, suna ta wutsil-wutsil a cikin kakin mutum. Na koma gadonsa na ce, "Baba, wane magani kake sha na numfashi?" Ya ce, "Ɗana, 'yan ƙananan nan ne, ai su ke tashe ni in je lambu." Ya rayu, alhamdu lillahi, bayan makonni a kwance, ɗansa ya sayar da awaki biyu. Cikin waɗanda tsutsar ta bazu a jikinsu haka, fiye da rabi ba sa tashi.

In kana kan waɗannan magunguna, ko ka gama su cikin 'yan watannin nan, ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, asibiti a ranar: sabon tari ko numfashi mai fito wanda ƙarin kortikoyid ke ƙara masa muni, amai da kumburin ciki da rashin fitar tusa, kashin jini, zazzaɓi da sanƙarewar wuya ko ruɗewa, ɗige-ɗigen jini a fatar ciki kusa da cibiya, zawon da ya kai kwana 3 ko wanda ya hana fitsari. Ka sani kortikoyid na ɓoye zazzaɓi da ciwo, jikin da ya yi ɗumi kaɗan na iya zama babban abu.

A hanya a riƙa kurɓar SRO, wato ruwan gishiri da sukari, fakiti 1 a lita 1 ta tafasasshen ruwa. In babu, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1. A tafi da kwalayen magani duka, har na faranti, da takardun awon baya. Wanda ya raka mara lafiya ya faɗa tun a ƙofa cewa yana shan kortikoyid, ya roƙi a duba angiyul a bayan gida da kaki. In an same ta a wannan hali, ibamektin kullum ake ba da shi, tare da allurar kashe ƙwayoyin cuta, kuma ba a tsayawa sai awo ya yi mako 2 yana fitowa babu komai.